Ana kukan babu aiki, ni kuma na rasa ma'aikata a shago. Mi ag gamin wanga da kuɗin ruwan CBN?

Mai Walda Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina da tambaya, ta daɗe tana cina a rai kuma na san cikinku akwai waɗanda sunka karanci harkar tattalin arziki. Ni walda ni ka yi nan cikin garin Sakkwato, ƙyamare da tagogi da ƙafar tankin ruwa da gyaran amalanke, shekara 11 ke nan da nib buɗe nawa shago. Kahin a cire tallafin mai ina da yara 7, huɗu daga cikinsu sun iya aiki sosai, za ka iya barin musu shago ka tahi Kano sayen kaya kwana biyu ba abin da za shi lalace. Yanzu 3 sunka rage min kuma duk sabbin hannu. Biyu sun ƙetara Kwanni can Nijar suna aiki wajen wani mai gini ana biyansu da sefa, guda ya samu mashin na biya kullum yana kabu-kabu, guda ya tahi cin rani Abuja tun bayan girbin bara har yau bai dawo ba, ya ce gadi da turin ruwa sun hi mai walda.

To abin da ya ɗaure min kai shi na, ko'ina ka zauna majalisa maganar guda ta, babu aiki babu aiki, samari na zaune bakin titi. Ni kuma ga aiki a hannuna na rasa mai yi. Wanda ya iya ba ya tsayawa a kan ladan da ni ka iya biya, wanda bai iya ba sai na shekara biyu ina koya mai. Na so in ƙara musu kuɗi wallahi, amma in ƙara daga ina? Ƙarfe ya tashi, tsinken walda ya tashi, wuta ba ta zama sai janareta, mai gida kuma in ka gaya mai kuɗin ƙyaure sai ya ce bari shi yi shawara, shi ke nan ba ka sake ganinai. Na tai wani banki in nemi rance in sayi injin lanƙwasa ƙarfe ko aiki ya yi sauri da 'yan hannun da ni ke da su, ma'aikacin ya lissaho min ruwa sama da kashi 30 a shekara, ban da takardun gida da sunka ce in kawo. Ko ba batun riba da addini ya hana ba, wace sana'a ce za ta biya wannan? Da nit tambaye shi dalili sai ya ce ai CBN, Babban Bankin Najeriya, shi ne ya ɗaga kuɗin ruwa don maganin tsadar rayuwa.

Shi na nike son a ganar da ni. Ƙaƙa tsadar bashi za ta yi maganin tsadar gero? Kuma su can Nijar da ake cewa ba su kai mu arziki ba, ƙaƙa anka yi suna ɗauke muna ma'aikata?

Ɗalibin Tattali:

Wa alaikumus salam Alhaji. Tambayar nan taka ta fi ta jarrabawa wuya, amma bari in gwada, in na yi tsawo a yi min haƙuri.

Da farko ma'aikacin bankin nan gaskiya ya faɗa maka. Lokacin da Cardoso ya karɓi Babban Banki a Satumban 2023 ma'aunin kuɗin ruwa yana kashi 18.75. A Fabrairun 2024 kwamitinsu ya zauna ya ɗaga shi zuwa 22.75 a tashi ɗaya, a Maris 24.75, haka suka yi ta ƙari duk zaman da suka yi har ya kai 27.5 a Nuwamba 2024. Sai a Satumban 2025 aka ɗan sassauta zuwa 27. Wannan shi ne tushe, duk wani banki a kansa yake ɗora nasa, shi ya sa kai ka ji 30 da ɗoriya. Kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai kason ajiyar jama'a da ake tilasta wa bankuna su kai wa CBN su ajiye ba za su iya ba da rance da shi ba, an kai shi har kashi 50 a 2024, wato a lokacin rabin kuɗin da mutane suka ajiye a kulle yake. Ɗan abin da ya rage kuma, gwamnati na sayar da takardun lamuninta da ruwa sama da kashi 20 a shekarar, ba haɗari ba bin bashi ba zuwa kotu. In kai ne manajan banki wa za ka ba, gwamnatin tarayya ko mai walda a Mabera?

Yanzu ga hikimar da ke bayan abin yadda ake koyar da shi. A ƙasashen da kusan kowa ma'aikacin albashi ne kuma kowa da bashin gida da na mota a wuyansa, in kasuwa ta yi zafi kamfanoni na rububin ma'aikata, sai albashi ya yi ta hawa, kamfani ya ɗora a kan farashin kaya, ma'aikaci ya ga kaya sun tashi ya sake neman ƙari, abin ya zama gudun fanfalaki. Sai babban banki ya ɗaga ruwa, bashi ya yi tsada, mutane su rage kashe kuɗi, kamfanoni su rage ɗaukar ma'aikata, zafin ya sauka. A fili yake, maganin yana aiki ne ta hanyar rage ayyuka, ba sa ɓoyewa. Misali mai kyau Niyu Zilan, ƙaramar ƙasa ce mutanenta miliyan 5 da ɗoriya, kusan yawan mutanen jihar nan tamu. Da suka rufe iyakarsu lokacin korona baƙin da ke zuwa musu aikin gona da gini suka daina shigowa, rashin aiki ya faɗi zuwa kashi 3.2, masu gonaki da kamfanoni suka rasa hannu, farashi ya tashi. Bankinsu ya ɗauko ruwa daga 0.25 ya kai shi 5.5 a Mayun 2023. Can lissafin ya hau, don cutar da maganin sun dace da juna.

Mu nan fa? Albashi bai taɓa korar farashi ba, farashi ne ya gudu ya bar albashi. Ka tuna abin da ya faru: 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, lita daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Yunin 2023 aka saki naira, wato aka bar kasuwa ta yanka darajarta, dala daga wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kafin nan kuma gwamnatin baya ta ci bashin CBN na naira tiriliyan 22.7, wanda a taƙaice kuɗi ne aka ƙirƙira aka zuba a kasuwa ba tare da kayan da ke bayansu ba. Ga rashin tsaro da ya hana noma a Isa da Sabon Birni da sauran gabashin jiha. Hauhawar farashi ta kai 34.8 a Disambar 2024, na abinci ma ya taɓa haura 40 a tsakiyar shekarar. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ladan yaran shagonka ya jawo.

To ina amfanin ɗaga ruwan ke nan? A nawa ganin amfaninsa na gaske a wurin dala yake. In ruwa ya yi sama, masu kuɗin waje suna kawo dala su sayi takardun gwamnati, mai naira kuma da zai ruga ya sayi dala ya ɓoye sai ya ga gara ya bar kuɗinsa a naira. Shi ya taimaka naira ta daina zubewa kullum, kuma ƙarfen da kake saye da dala ake shigo da mafi yawansa, don haka ko kai ka amfana ta wannan gefen. Amma kuɗin maganin kai da irinka kuke biya, don ku ne kuke buƙatar jari kuma ku ne ba ku da wata ƙofa.

Batun babu aiki ga aiki kuma, duka biyun gaskiya ne. Hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce rashin aiki kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, da ta canza ma'auni a 2023 sai ya koma 4.1, saboda yanzu duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako ana ƙirga shi mai aiki. Hukumar dai ita ta ce sama da kashi 90 na masu aikin ba a tsarin ofis ko kamfani suke ba, kuma ita ta fitar a 2022 cewa kashi 91 na mutanen Sakkwato suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, mafi yawa a duk ƙasar. Ka haɗa ukun nan ka gani. Mutane na aiki, aikin ne ba ya ciyar da su. Hannu marar sana'a ya yi yawa, hannu mai sana'a ya yi kaɗan kuma ya san inda zai fi tsada.

Ɗan Illela:

Malam Ɗalibi ka yi bayani Allah shi ƙara basira, amma batun Nijar bari mu da ka kwana bakin iyaka mu ce wani abu.

Alhaji mai walda, yaranka ba Nijar ta ɗauke su ba, canji ya ɗauke su. Ni ina wanga harka ta kai kaya Kwanni tun ina saurayi. Shekarun baya jikka guda ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira dubu ba, su 'yan Nijar su ka tururuwa nan suna neman aiki, gadi, ga-ruwa, shayi, yankan farce, su tara naira su koma gida. Bayan anka saki naira jikkar nan ta haura naira dubu biyu, akwai lokacin da ta kusa uku a bakin 'yan canji. To yaro na walda ana ba shi jikka uku ko huɗu a wuni can, ya hau mashin ya ƙetaro Illela ya canza, kai ka lissafa ka gani ko za ka iya biyanai hakanan. Tsakanin Illela da Kwanni ko tahiyar kirki babu, harshe guda, abinci guda, da yawa ma dangi na. Mi za shi hana shi?

Ko a takarda ma abin ya nuna. Mafi ƙarancin albashi can sun kai shi sefa 42,000. In ka buga shi da naira biyu da rabi ya wuce naira dubu ɗari, mu nan ana ta bugun ƙirji da dubu 70.

Amma kar ku ɗauka can aljanna ta. Sefa ba Nijar ka juya ta ba. Ƙasashe 8 ka amfani da ita, babban bankinsu yana Dakar, kuma a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 yuro guda, ba ta motsi tun da anka hito da yuro. Shi ya sa ruwan bankinsu bai kai ko kashi 4 ba lokacin da namu ke 27, kuma farashi can bai cika haukan da namu ka yi ba. To amma in ciwo ya kama Nijar ita kaɗai, ba ta da maganin kanta, ba ta iya buga kuɗi ba ta iya rage darajassu. Mun gani da idonmu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da anka sa musu takunkumi anka ruhe iyaka, Najeriya ta yanke musu wuta, anka toshe asusun gwamnatinsu a babban bankin. Mutum na da kuɗi a banki ba ya iya hidda abin da ya ke so sai ɗan abin da anka ƙayyade mai. Shinkafa ta yi tsada, 'yan dako da direbobi da masu lodin kaya a Kwanni da Illela duk munka zauna wata da watanni sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata gehe. Ƙaramar ƙasa in ba ta da ikon kuɗinta, duk wata girgiza a kan lebura ta ka ƙarewa, ko a rage mai lada ko shi bar gida.

Har yanzu da sunka hita ECOWAS a Janairun 2025 ba su bar sefa ba, ana ta maganar sabon kuɗi amma shiru. Ni na san dalili, don duk ɗan kasuwar Nijar da ni ka hulɗa da shi in ya dubi abin da ya samu naira sai jikinai ya yi sanyi.

Wani abu kuma da ba a faɗi, ƙarhin sefa shi ka janye hatsinmu. Mai sefa ya shigo kasuwar Illela ran Lahadi gero da masara sun zame mai araha, ya saye ya loda, mu nan tiya ta ƙara kuɗi. Su kuma a Oktoban 2024 sunka hana hidda hatsinsu waje sai Mali da Burkina. Kuɗin ruwan Abuja bai san da wanga ba.

Maman Biyu Arkilla:

Salam. Ni malamar firamare ce, ina ta karantawa na kasa yin shiru.

Alhaji kar ka ga laifin yaran nan don Allah. Mu da ake cewa masu albashi ma abin da muke ciki ke nan. A 2019 da aka sa hannu a dubu 30, dala tana wajen 360, wato ya kai dala 80 da wani abu. A Yulin 2024 da aka sa hannu a dubu 70 dala ta wuce 1,500, bai kai dala 50 ba. An ninka mana lamba sau biyu da ɗoriya amma cefanen ya ragu. Ni ba sai na duba dala ba ma, buhun shinkafa da kuɗin keke zuwa makaranta sun ishe ni lissafi. Kuma wannan dubu 70 ɗin ba kowane ma'aikaci ya shafa ba, ƙanwata tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, abin da ake ba ta ko rabin haka bai kai ba, in ta yi magana a ce ga masu NCE nan birjik suna jiran gurbin.

Abin da ke ba ni haushi shi ne duk lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta nemi ƙari sai ka ji masana a rediyo suna cewa a yi hattara ƙarin albashi zai kawo hauhawar farashi. To farashin da ya hau tun 2023 albashin wa ya hau da shi? Shekara guda cur muna kan tsohon albashi man fetur ya ninka sau uku. Malam Ɗalibi ya faɗi gaskiya, mu bin farashi muke a guje ba mu kamo shi ba.

A makarantarmu malamai maza nawa ne in an tashi suke hawa mashin su yi kabu-kabu har isha'i, washegari su shigo aji idanu jajur. Mu mata kuma ƙulle-ƙullen kaya, zoɓo, ɗinki, adashe. Yaran da muke koyarwa su ne ke biyan wannan, kuma su ne gobe za su zo shagon Alhaji ba su iya karanta awon tef ba.

Yanzu an ce hauhawar farashi ta sauko. Na san an canza shekarar ma'auni a Janairun 2025 lambar ta faɗo daga 34.8 zuwa 24.48 a wata ɗaya, daga baya kuma ta ci gaba da sauka, kuma ba zan ƙi gaskiya ba hatsi ya yi sauƙi a kan yadda yake a 2024. Amma saukar hauhawa ba saukar farashi ba ce, gudun ne ya ragu. Magani da kuɗin haya da littattafai inda suka hau nan suke.

Yaron Shago:

Baba mai walda ina gaisuwa. Ni ba yaronka ba ne amma irin aikin na yi, alminiyam, shekara 4 a hannun ubangidana kafin in bari, bari in faɗi namu gefen da ladabi.

Wallahi ba raini ba ne ba kuma rashin godiya ba. Ubangidana mutumin kirki ne har yau ina zuwa gaishe shi. Amma a shago sai an samu aiki ake ba ka wani abu, ranar da ba aiki kuɗin abinci kawai, kuma akwai satin da kwana uku ba wuta ba kuɗin man janareta muna zaune muna kallon titi. Ni ne babba a ɗakinmu, mahaifinmu ya baro ƙauye saboda 'yan bindiga gonar ma ba ta nomuwa, yanzu duk muna haya a gari. Mashin kuwa ko yaya ranar ta lalace, in na cire kuɗin mai da na mai mashin zan koma gida da abin awo. Na san kabu-kabu ba sana'ar tsufa ba ce, na san hannuna na mantuwa, abin na damuna sosai don ina son aikin nan. Amma cikin yau ba ya jiran gobe.

Da za a ce ga tsayayyen abu duk sati ko kaɗan ne, wanda na san ko da aiki ko babu zan samu, sannan in an yi babban aiki a ba ni kaso, da na dawo. Yawancin abokaina ma haka suke cewa. Ba yawan kuɗin ne kawai ba, rashin sanin abin da za ka samu ne ke korar mutum.

Tsohon Ma'aikacin Gona:

Ina son in ɗan saɓa wa ɗana Ɗalibin Tattali a wuri ɗaya, duk da na yarda da yawancin abin da ya faɗa. Kar mu sa wa Alhaji a rai cewa da ruwa ya sauko shi ke nan banki zai buɗe masa ƙofa. Lokacin da ma'aunin yake 11.5 a 2021, masu walda nawa suka samu rance a garin nan? Mu a nan jarinmu daga adashe yake, da ɗan'uwa, da dillalin da zai ba ka kaya bashi, da sayar da ragon da aka turke. Emefiele, gwamnan CBN na lokacin, da bakinsa ya ce a 2022 sama da kashi 80 na takardun kuɗin ƙasar nan suna wajen bankuna, shi ya kafa hujja da shi ya canza fasalin naira, kuma duk mun ga wahalar da aka sha a farkon 2023. Inda kuɗi ba sa bi ta banki, igiyar CBN ba ta kai wa can sosai, ko ya ja ko ya saki.

Kuma mun ga ɗaya hanyar. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, CBN da kansa yana ba manoman shinkafa rance mai sauƙin ruwa. Na yi aiki da manoma a lokacin, wasu sun amfana ƙwarai ba ƙarya, amma da yawa sun ɗauka rabonsu ne na gwamnati ba su biya ba, wasu ma ba manoma ba ne sunansu kawai aka rubuta. Cardoso da ya zo ya ce ya daina irin wannan. Ni ban ga laifinsa a nan ba, babban banki ba ma'aikatar gona ba ne. Laifin shi ne da ya janye ba wanda ya shigo ya cike gurbin.

Abin da zai tsayar da yaran Alhaji ba a ɗakin taron CBN yake ba. Wuta ce ta zauna awa goma a rana a unguwar masu sana'a. Hanya ce ta yi aminci manomi ya koma fadamar Goronyo da Wurno ya noma albasa da shinkafa ya samu kuɗin da zai sa ƙyauren ƙarfe a gidansa, don shi ne mai sayen kayan Alhaji. Cin rani kuwa tun kakanninmu Basakkwace ke yin sa, bambancin kawai da ana dawowa da faɗuwar ruwan farko, yanzu ba gonar da za a dawo mata.

Ɗalibin Tattali:

Baba na karɓi gyara, gaskiya ne rancen banki bai taɓa isa ga masu ƙananan sana'a ba ko da ruwa na ƙasa. Abin da zan ƙara kawai, igiyar tana iso mu ta bayan gida. Dillalin ƙarfen Kano da ke ba Alhaji kaya bashi shi yana cin bashin banki, ɗan kwangilar da zai ba shi aikin tagogi hamsin shi ma haka, in ruwa ya yi musu tsada dillali ya daina ba da bashi ɗan kwangila ya dakatar da gini. Alhaji bai taɓa sa hannu a takardar rance ba amma ya biya ruwan.

Alhaji batun injin nan, ka leƙa bankunan da ba sa harkar ruwa, suna da tsarin murabaha, su sayi injin su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Ba zan ce maka araha ne ba don su ma suna kallon kasuwa kafin su yanka ribarsu, amma aƙalla ka san adadin tun ranar farko ba ya canzawa, kuma zuciyarka ta natsu ta fuskar addini. In kuna da ƙungiyar masu walda ku je a ƙungiyance ya fi a saurare ku.

Mai Walda Mabera:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Baba gaskiyarka, dillalina na Kano da yana ba ni kaya in biya bayan wata guda, tun bara ya ce sai kuɗi hannu, ban taɓa haɗa shi da maganar CBN ba sai yau.

Yaron Shago, maganarka ta hi tsaya min a rai ɗana. Ni ina ta lissahin nawa zan ƙara, ban yi tunanin tsayayyen abu duk sati ba, don mu hakanan munka taso, ubangida ya ba ka abin da ya sawwaƙa. Daren jiya na zauna da littahin shago, in manya biyu sun dawo na yanka musu abin sati ko da aiki ko babu, watannin damina da gini ka tsayawa su za su ba ni wuya, sai dai in riƙa aje wani abu daga aikin rani. Zan gwada daga wanga wata. Na kira guda cikin na Kwanni na gaya mai, ya ce in bari su gama bene da sunka fara, bayan nan za shi shigo mu zauna.

Ɗan Illela don Allah nawa jikka take wanga sati a bakin 'yan canji? Ina son in san abin da za ni aza mai a gaba kahin shi iso.